Yaro a Gaban Alƙali: Sharhi a kan Ma'aunin Ƙuruciya cikin Dokokin Ƙasar Katsina

Kowace doka da aka taɓa shimfiɗawa a ƙasar Katsina bisa sha'anin laifi da horo ta yarda da magana guda, watau ba a yi wa yaro shari'a irin ta babba. Fikihun Malikiyya ya yarda da haka tun da daɗewa, dokokin da Turawa suka bari sun yarda, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ma ta yarda. Inda suka saɓa shi ne wajen ma'auni: wane ne yaro, yaushe ya ke fita daga ƙuruciya, kuma wa ke da ikon yanke wannan magana. Nufin wannan takarda shi ne ta auna dokokin nan ta fuskar kalmominsu, ta nuna cewa dukan gatan da suka yi wa yaro an rataye shi ga ƙusa ɗaya, watau yawan shekarun da aka rubuta masa ran da aka kama shi. Ƙusar nan kuwa ita ce aba mafi rauni cikin ginin duka.

Domin kada zance ya zama na iska, sai a kafa misali da Ƙofar Kwaya, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, wadda ke fid da matafiyi zuwa hanyar Dutsin-ma. Wurin ya zama babbar mahaɗar motoci, har an haƙa masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa, aka buɗe ta cikin watan Janairu na 2023. Irin wannan wuri ba ya rabuwa da yara: masu talla, da almajirai, da yaran kanikawa, da masu ɗaukar kaya. A ƙaddara wayar hannu ta ɓace a can, aka yi kuwwa, aka damƙe wani ɗan saurayi dogo wanda gashin baki ya soma yi wa tsiro, ba shi da takardar haihuwa, ubansa kuwa yana wani ƙauye. Wannan yaro na ƙaddarawa shi za a riƙa komawa gare shi, a ga yadda kowace doka za ta auna shi.

I. Kalmar yaro a bakin Bahaushe

Kafin a shiga dokoki, wajibi ne a dubi harshen da a ke yin shari'ar da shi. Bahaushe ba ya ƙidaya ƙuruciya da shekaru. Yana da jinjiri, da yaro, da ɗan saurayi, da saurayi, da magidanci, da dattijo, amma babu ko ɗaya cikin matakan nan da a ke hawa ran cikar wata shekara sananniya. Da alamu a ke hawansu: an yaye shi, ya yi wayo, an yi masa kaciya, ya isa azumi, ya kawo ƙarfi, ya ajiye iyali. In aka tambayi tsohuwa shekarun jikanta, sai ta ce sa'an wane ne, ko kuwa an haife shi damina biyu bayan wata gobara ko wani fari.

Kalmar yaro ita kanta fuska biyu gare ta. Tana nufin mai ƙarancin shekaru, tana kuma nufin wanda ke ƙarƙashin wani, kamar yaron mota, da yaron shago, da yaron Sarki. Mutum da furfurarsa yana iya zama yaron wani attajiri. Haka nan kalmar matashi, wadda rediyo da jaridu suka watsa, tana ɗaukar ɗan shekara 15, ta kuma ɗauki ɗan shekara 35. Saboda haka in mai unguwa ya ce da ɗan sanda, ai yaro ne, bai faɗi wani abin da doka za ta riƙe ba.

Karin maganar Hausa ta nuna abin da Bahaushe ke aunawa, watau hankali. An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, an kuma ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Wannan ma'auni yana da kyau ƙwarai cikin unguwa, inda kowa ya san ran da aka yi sunan yaro, ya san tsararrakinsa, ya san iyakar wayonsa. Amma a caji ofis baƙo ne ke dubansa, baƙo kuwa ba ya ganin hankali, tsawo ya ke gani da faɗin kafaɗa. Yaron Ƙofar Kwaya, da ya ke dogo ne, ya riga ya yi hasara tun kafin a buɗe littafin wata doka.

II. Ma'aunin fikihu

Tun kafin zuwan Turawa cikin 1903, har kuma cikin zamanin En'e, alƙalan Katsina da littattafan Malikiyya su ke hukunci, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malaman ƙasar Hausa ke karantawa kashi biyu, Lawwali da Sani. Sunayen Unguwar Alƙali da Unguwar Yari cikin birni shaida ne na tsufan wannan tsari. Ƙa'idar fikihu a fili ta ke: babu haddi, babu ƙisasi a kan wanda bai balaga ba, gama shari'a ba ta hau kansa ba tukuna. In yaro ya yi kisa, ko da ganganci ne, a kan ɗauke shi a matsayin kuskure, diyya ta faɗa kan dangin ubansa. In ya ɓata dukiyar wani, a biya daga dukiyarsa. Abin da ya rage a kansa shi ne ladabtarwa, gwargwadon yadda alƙali ya ga za ta gyara shi. Iƙirarin yaro kuma ba ya zama hujja a kansa.

Balaga kuwa da alamun jiki a ke saninta: mafarki, ko haila, ko ciki, ko tsirowar gashin gaba. In babu ko ɗaya, to, a mashahurin zance na Malikiyya sai mutum ya cika shekara 18, ko da ya ke Shafi'iyya sun tsaya a 15. Ya kamata mai karatu ya tuna shekarun nan na wata ne, shekara 18 ta wata kuwa ba ta wuce shekara 17 da wata biyar da 'yan kwanaki ba a lissafin rana. Akwai kuma wata ƙa'ida cikin Muhtasar wadda ba a cika ambatonta ba, watau in aka yi jayayya a kan balaga, maganar shi yaron a ke karɓa, muddin dai ba a ga abin da zai sa a tuhume shi da ƙarya ba. In aka haɗa wannan da ƙa'idar nan ta cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, sai a ga fikihu ya ajiye shakka a gefen yaro.

Ƙarfin wannan ma'auni shi ne ya ɗaure horo ga hankali da ɗaukar nauyi. Rauninsa kuwa shi ne jiki ya kan riga hankali girma. Yarinya 'yar shekara 13 tana iya zama baliga, alhali ba ta san ciwon kanta ba. Har wa yau alamun nan abubuwa ne na kunya, ba su tabbatuwa a bainar jama'a sai da keta mutuncin wanda a ke tuhuma. Alƙalin da ya san fikihu sosai zai kauce wa wannan ta karɓar maganar yaro. Wanda bai sani ba sai ya dubi gashin baki ya yanke.

III. Ma'aunin da Turawa suka bari

Kotun yara ta farko a Shikago ta ƙasar Amurka aka kafa ta cikin 1899. Ingila ta bi sawu cikin 1908, ta kuma sake tsara dokarta cikin 1933. Daga wannan ta 1933 aka kwafo Dokar Yara da Samari ta Ikko cikin 1943, zamanin da wani Bature mai suna Donald Faulkner ke lura da sha'anin jin daɗin jama'a a can. Aka miƙa ta Jihohin Gabas da Yamma cikin 1946, Jihar Arewa kuwa ba ta sami tata ba sai 1958. A dokar Ikko, wanda bai kai shekara 14 ba shi ne yaro, daga 14 zuwa ƙasa da 17 kuwa saurayi.

Ba a raina abin da dokar nan ta kawo ba. Ta ce kotun yara ta zauna a wani ɗaki dabam ko a wani lokaci dabam, kada a bar 'yan kallo su shiga, kada a buga sunan yaro a jarida, a kira uba ko mai riƙo ya halarta, a raba yaro da manya wajen tsarewa, kada kuma a kai ƙaramin yaro gidan yari. Har ma ta hana a yi amfani da kalmomin da ke nuna an kama mutum da laifi an yanke masa hukunci, domin kada tabon ya bi yaro har girmansa. Wannan lura da nauyin kalma abin yabo ne.

Amma akwai ramuka biyu a cikinta. Na farko, in aka haɗa yaro da babba cikin tuhuma ɗaya, sai maganar ta fita daga kotun yara ta koma kotun manya. Kowa ya san yadda a ke kamen ƙauraye a Katsina, a tattaro mutum goma ko ashirin a dare ɗaya, a tuhume su da haɗa baki, ya san wannan rami ba ƙarami ba ne. Na biyu, dokar ta bar wa kotu ta yi bincike ta ƙiyasta shekarun wanda aka kawo, abin da ta ƙiyasta kuwa shi ne shekarunsa a idon doka, ko da daga baya an zo da hujjar cewa an yi kuskure. A Ingila, inda a ke rubuta kowace haihuwa, wannan sharaɗi ba ya cutar kowa sai nadiran. A ƙasar da yawancin haihuwa a ɗakin uwa a ke yinta, ba mai rubutawa, sai ya zama ƙiyasi ne ke mulki.

Cikin 1958 ɗin kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta kira taron masana shari'a, Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabance su. Cikinsu akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na London, da Wazirin Barno Shettima Kashim. Daga shawararsu aka sami kundin laifuffuka na 1959, wanda jama'a ke kira Final Kod, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Sashe na 50 na kundin ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne, haka kuma na wanda ke tsakanin 7 da 12 in hankalinsa bai kai ya gane abin da ya yi da abin da zai haifar ba. Lambobin nan biyu ba a ƙasar Hausa aka auno su ba. Daga kundin Indiya na 1860 suka fito, suka biyo ta Sudan. Ita Ingila da kanta ta ɗaga nata daga 7 zuwa 8 cikin 1933, ta kai shi 10 cikin 1963, amma Arewa ta riƙe 7 shekara da shekaru. Abin da ya yi kyau cikin sashen shi ne ambaton hankali, gama nan ne kaɗai dokar Turawa ta kusanci ma'aunin Bahaushe da na fikihu. Sai dai ta yanke shi a shekara 12, kamar daga nan hankali ya cika.

IV. Dokar 2003 da jinkirin da ta sha

Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara cikin 1989, Nijeriya ta amince da ita cikin 1991. Daga nan aka sami Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta share rabe-raben nan duka ta kafa iyaka ɗaya, watau duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 204 ya ce ba a sa yaro cikin tsarin shari'ar manya, sai tsarin da aka keɓe wa yara. Sashe na 209 ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon kashe ƙaramar magana ta sulhu ko biyan abin da aka ɓata, ba tare da zuwa kotu ba. Sashe na 211 ya wajabta a sanar da iyaye nan da nan in an kama yaro. Sashe na 212 ya ce ba a tsare shi jiran shari'a sai in babu wata dabara, kuma na ɗan lokaci. Sashe na 221 ya hana ɗauri a gidan yari, da bulala, da kisa. Aka kuma tanadi Kotun Iyali domin sauraron irin wannan magana.

A kan takarda, wannan ita ce mafi cika cikin dokokin duka. Amma da ya ke sha'anin yara na jihohi ne, dokar a Abuja kaɗai ta ke aiki sai kowace jiha ta yi tata. Katsina ba ta yi Dokar Kare Yara ba sai cikin 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, Kano kuwa sai 2023. Babban abin da ya jawo jinkirin nan a Arewa shi ne gardama a kan shekarun aure. Sai ya zamana shekara 17 ana ja-in-ja a kan babi ɗaya, babin shari'ar yara kuwa, wanda babu malamin da zai ƙi jigonsa, yana jira a bakin ƙofa. Yaran da aka kama a tsakanin nan su suka biya kuɗin gardamar.

A tsakanin nan kuma aka kafa kotunan Shari'a a Katsina cikin shekara ta 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kundin Zamfara na wannan shekara, wanda jihohi da dama suka yi koyi da shi, ya riƙe shekara 7 ta Final Kod, sa'an nan wajen haddi ya sa taklifi, bai kuwa ɗaure shi ga wata lamba ba. To, a koma ga yaron Ƙofar Kwaya, a ƙaddara shekarunsa 16 ne. A ma'aunin fikihu mai yiwuwa baligi ne. A ma'aunin 1943 saurayi ne. A ma'aunin 1959 ya wuce 12, laifi ya hau kansa sosai. A ma'aunin 2003 yaro ne, ba a ko kai shi gidan yari. Jiki ɗaya, suna huɗu. Wanda ya kan zaɓi ƙofar da za a shigar da shi kuwa, ko ta majistare ko ta alƙali, sau da yawa ɗan sanda mai gabatar da ƙara ne.

Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane kamamme wasu haƙƙoƙi, yaro ko babba. Sashe na 35 ya ba shi ikon yin shiru har ya ga lauya ko wanda ya zaɓa, ya ce a sanar da shi dalilin kama shi cikin sa'a 24 da harshen da ya ke ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40. Ƙofar Kwaya cikin babban birnin jiha ta ke, saboda haka babu uzurin nisa. Sashe na 36 ya ce a ɗauke shi mara laifi har a tabbatar, a ba shi tafinta kyauta. Amma a nan ma al'ada tana da abin cewa. An hori ɗan Bahaushe ya sunkuyar da kai gaban babba, ya amsa da to, kada ya yi musu. Yin shiru gaban mai kaki, a wurinsa taurin kai ne da zai jawo duka. In aka tambaye shi da Hausa, aka rubuta da Turanci, aka ce ya dangwala yatsa, sai a wayi gari da iƙirarin da fikihu ba zai karɓa ba, dokar 2003 ma ba ta nufi a same shi ta wannan hanya ba.

V. Inda ƙusar ke karyewa

Shari'u uku da suka yi suna sun isa shaida. Cikin Satumba 2000 wata kotun Shari'a a Tsafe ta jihar Zamfara ta yanke wa wata yarinya bulala saboda cikin da ta yi ba aure, aka yi mata 100 cikin Janairu 2001, alhali masu taimakonta suna shirin ɗaukaka ƙara. Har aka gama ba a daidaita a kan shekarunta ba, wasu suna cewa 17, wasu suna cewa ba ta kai haka ba ko kusa. Cikin Agusta 2020 wata babbar kotun Shari'a a Kano ta ɗaure wani yaro shekara 10 bisa tuhumar saɓo. Hukumar UNICEF ta ce shekarunsa 13. Cikin Janairu 2021 Babbar Kotun Jihar Kano ta rushe hukuncin, bisa dalilin cewa yaro ne, kuma an yi masa shari'a ba lauya.

Ta uku ita ce ta ran 1 ga Nuwamba 2024, sa'ad da aka gurfanar da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar watan Agusta na wannan shekara. Wajen 30 daga cikinsu yara ne, an kwaso su daga Arewa, sun yi kusan wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi cikin kotu, aka kuma sa belin kowanne naira miliyan 10. Lauyan masu ƙara ya shaida wa manema labarai cewa manya ne, wasu ma suna da aure. A lura da wannan magana da kyau, gama ma'aunin unguwa ne ya ɗauko, watau ajiye iyali, ya kawo shi kotun da ma'auninta shekara 18 ne, cikin birnin da dokar 2003 ke aiki tun ran da aka yi ta. Ran 4 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurnin a sake su, kashegari aka janye ƙarar. Hoton faɗuwarsu ne ya cece su. Yaron Ƙofar Kwaya kuwa ba mai ɗaukar hotonsa.

Tushen abin duka rashin rubutun haihuwa ne. Tun 1992 akwai doka mai wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya sami kashi 43 cikin 100 ne kaɗai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista. Waɗanda aka haifa shekaru goma kafin wannan, su ne samarin da a ke kamawa, rabonsu bai kai haka ba. Lauyoyi sun daɗe suna kukan cewa a kan ƙara wa yaro shekaru a takardar tuhuma, ko a rubuta baligi kurum, domin a huta da neman iyaye da neman wurin ajiye shi. Wurin ajiyar ma ƙalilan ne. Dokar Bostal ta 1962 ta tanadi gidajen horon samari 'yan shekara 16 zuwa 21, amma shekaru da yawa uku ne kacal a ƙasar duka, a Kakuri ta Kaduna, da Ilori, da Abekuta. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana a ajiye yara tare da manya, sai dai hani ba ya gina ɗaki.

VI. Gidan mari

Inda hukuma ta gaza, iyaye sun nemi tasu hanya. Cikin Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fid da mutum fiye da 300. Cikin Oktoba aka buɗe wani a Daura, aka sami 67, bayan 'yan kwanaki kuma aka buɗe wani cikin birnin Katsina, aka fid da ɗaruruwa, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa. Galibinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye ko sata ko kangara. Ba a yi musu shari'a ba, ba a yanka musu wa'adi ba, ba su da wurin ɗaukaka ƙara.

Tsarin Mulki ya yarda a tauye 'yancin wanda bai kai 18 ba domin karatunsa ko kyautata rayuwarsa, fikihu kuma ya yarda da ladabtarwa. Amma kalmar horo a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, koyarwa da azabtarwa, kuma ta tsakanin ma'anonin nan ne mari ya shigo. Uban da ya kai ɗansa can yana nufin ta farko, abin da ɗan ya tarar kuwa ta biyu ce. Rufe gidajen nan daidai ne, amma matuƙar ba a gina abin da zai maye gurbinsu ba, uba mai ɗa kangararre zai ci gaba da zaɓi tsakanin bayan kanta da mari.

VII. Abin da ya kamata

Daga abin da ya gabata, a fili ya ke cewa ba sabuwar doka a ke bukata ba kamar yadda a ke bukatar gyaran sa'ar farko ta kamu. Abu na farko, a mai da tabbatar da shekaru aiki mai zaman kansa, a yi shi kafin a rubuta bayanin kowa, a gaban uba ko mai riƙo ko malamin allo, tare da mai unguwa. Rajistar makarantar firamare, da katin rigakafi, da shaidar tsararraki, duk hujjoji ne da sun fi kallon gashin baki. Ta haka sanin unguwa zai shiga takardar hukuma maimakon ya tsaya a waje.

Na biyu, in shakka ta rage, a bar ta a gefen yaro. Kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗi haka cikin bayaninsa na 2019, inda kuma ya nemi kada a ɗora laifi a kan wanda bai kai shekara 14 ba. Shaihu Halil ya riga shi da shekaru fiye da 600. Wannan wuri ne da malamin zaure da lauya ba su da abin jayayya, ya kamata a fara gini daga nan.

Na uku ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Ana bukatar a zauna a tsara haƙƙoƙin kamamme da Hausa mai sauƙi, wadda ɗan shekara 12 zai ji, a kuma daidaita kalma guda da za ta tsaya a madadin wanda bai cika shekara 18 ba, wadda ba za ta rikice da yaron shago ko matashin siyasa ba. A liƙa wannan a kowane caji ofis, a karanta wa yaro da baki, tun da ya ke ba kowa ke karatun boko ba. Tsarin Mulki ya yi alkawarin harshen da mutum ya ke ji, alkawarin nan kuwa ba ya cika da fassarar da tafinta ya ƙaga a tsaye. An ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma wajibi ne mai tanƙwarawa ya fara sanin ɗanye ne ko busasshe, in ba haka ba sai ya karya shi.